Salmonela: Ƙwayar Cutar da Ke Tsakanin Garke da Gida

Duk wanda ya ratsa Kadawa ko Garun Malam da rani ya ga shanun makiyaya suna kiwo a gonakin shinkafar da aka girbe, suna shan ruwa a magudanan da ke ɗauko ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ƙasa kaɗan da inda suka sha, yara na wanka, masu lambu na wanke tumatir da latas. A irin wannan mahaɗa ce ƙwayar cutar salmonela ke samun hanyar ƙetarawa daga hanjin saniya zuwa na mutum.

Salmonela bakteriya ce mai ire-ire fiye da 2,500. Irin da ke kawo taifot mutum kaɗai yake kamawa. Amma Dublin da Taifimuriyum kan sa maruƙa zawo, su sa saniya ɓari, su kuma kama mutane ta ɗanyar madara, da naman da bai dahu ba, da ruwan da kashin dabba ya gurɓata. Saniya kan warke sarai a ido, alhali tana ci gaba da zubar da ƙwayar a kashinta watanni.

Abu biyu ɗalibai kan gauraya a jarrabawa, wato dafin ƙwaya da taurinta ga magani. Dafi shi ne iya ɓarnarta. Salmonela na da wata 'yar allura da take soka wa bangon hanji, ta tilasta masa ya haɗiye ta. Har cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu kashe ta ne, takan samu mafaka ta hayayyafa. Tauri kuwa shi ne a ba ta magani ta ƙi mutuwa.

To, daga ina taurin yake zuwa? A ce makiyayi ya sayo kwalbar oksitetirasayikilin a kasuwa, ya yi wa saniya rabin allura don kwalbar ta ishi garke. Ƙwayoyi masu rauni za su mutu, 'yan tsirarun masu tauri su gaje fili. Idan yanayi ya dace, ƙwaya ɗaya na rabuwa biyu kusan kowane minti 20. Ku lissafa da kanku, cikin awa 8 ta haura miliyan 16. Abin da ya fi wannan muni, sirrin taurin kan zauna a wani ɗan zoben kayan gado da ake kira filasmid, wanda bakteriya ke miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba irinsu ɗaya ba. Ban ga laifin makiyayin sosai ba. Likitan dabbobi ya yi masa nisa, mai sayar da magani kuwa yana bakin kara.

An taɓa ganin haka a Ingila. A shekarun 1980 wani nau'i mai suna DT104 ya ɓulla a shanu, ba ya jin magunguna 5, ciki har da amfisilin da kuloramfenikol, kafin ya bazu cikin mutane a ƙasashe da dama. Idan tauri da dafi suka haɗu, ƙwayar ta tsallaka daga hanji ta shiga jini, likita kan rasa abin ɗauka, kuma yara masu sikila, ko tamowa, ko zazzaɓin cizon sauro su ne suka fi shiga haɗari.

Tauri ga magani bai kare ƙwayar daga wuta ba. Madarar da aka tafasa kafin a yi kindirmo ta kuɓuta, haka naman da ya dahu har ciki. Latas ne abin kula, domin ɗanye ake cinsa, kuma sau da yawa ruwan magudana ne wankinsa na ƙarshe.