Jijjigar da ta wuce minti biyar

Daga Agusta zuwa Oktoba, da wuya in kwana a bakin aiki ba a kawo mini yaro mai jijjiga ba, daga Kangire ko ƙauyukan Gwaram. Tambayata ta farko ga uwar ita ce, "Baiwar Allah, tun yaushe ya fara?" Sai ta ce tun magariba. Ga shi an daɗe da yin isha'i. A tsakani an yi tofi da hayaƙi, an ɗura masa manja, an cusa masa cokali a baki.

Yawancin jijjiga kan lafa da kanta cikin minti biyu ko uku. Wadda ta kai minti 5, ko take maimaituwa mutum bai farfaɗo ba, da wuya ta tsaya sai da magani. A nan ƙungiyar yaƙi da farfaɗiya ta duniya ta ja layi a 2015, ta kuma ce daga minti 30 ƙwaƙwalwa na iya samun lahani na dindindin.

Mutanenmu suna jin jijjiga sai su ce farfaɗiya ce ko iskoki. Yaran da nake gani, galibinsu zazzaɓin cizon sauro ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, ko sanƙarau, ko sukarin jini ya faɗi saboda an kwana ba a ci ba. A manya akwai shanyewar ɓarin jiki, da hawan jinin masu ciki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai farfaɗiya da ya ajiye ƙwayoyinsa don ya ji sauƙi, ko kuɗi sun yanke.

A ƙasashen da aka ƙirga, irin wannan doguwar jijjiga takan sami mutum 10 zuwa 40 cikin dubu 100 a shekara, kuma kusan babba ɗaya cikin biyar ba ya tashi. Yara a Turai sun fi tsira, amma a Kilifi ta Kenya, inda sauro ya yi yawa kamar nan, wani bincike na 2008 ya nuna kusan 15 cikin 100 sun rasu a asibiti.

Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a hanya. A kwantar da mai jijjigar ta gefe, a kawar da wuta da ruwa, kada a sa masa komai a baki. Wani ya duba agogon waya. Minti biyar na cika a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa, in ya fi ƙarfinsu za su tura Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.