Mai turka shanu, ga abin yi da abin bari

Maruƙa biyu sa'annin juna, ƙibarsu ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗan'uwansa cin dusa nesa ba kusa ba. Wannan bambanci, wani ɓangarensa a jini yake, kuma ana gadonsa. Tun 1963 masu bincike a Amurka suka fito da hanyar auna shi, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na bambancin daga iyaye yake zuwa. Tunda bayan kuɗin sayen dabba abinci ne ke cinye mafi yawan kuɗin turka, sai ka buɗe kunne.

Kada ka yabi sa don ya iya ci. Ci ba shi ne ƙiba ba.

Ka raba wa shanunka kwanon ci. Muddin baki huɗu na cikin baho ɗaya, mai ƙarfi ne zai ture sauran, kai kuwa ba za ka san wanda ya ci kuɗinka ba. Ka auna dusa da angurya da mudu, ka ƙirga daurin harawa, da safe ka kwashe abin da ya rage ka auna shi ma. Duk mako biyu ka ɗauki tef ɗin tela ka zagaya ƙirjin sa, daidai bayan ƙafafun gaba, kafin ya sha ruwa. Ka rubuta. Abin da ka bar wa ƙwaƙwalwa, son zuciya zai gyara maka shi.

Kada ka yanke hukunci a mako guda. Cibiyoyin gwaji sukan bar dabba ta saba da abinci mako uku, sannan su auna ta kamar kwana 70.

Kada ka ɗora wa jini laifin cuta. Ka fara maganin tsutsar ciki da ciwon hanta, ka cire kaska. Maraƙin da sammore ya kama ba zai nuna halinsa ba.

Kada ka gwada ɗan shekara da ɗan shekara uku, ko ramamme da mai jiki. Ramammen da ya samu abinci yakan yi saurin murmurewa, ya ruɗe ka.

Kada sunan iri ya ɗauke maka hankali. Bunaji, Rahaji, Bokolo, Azawak, a kowanne akwai mai auki akwai maciyi. Jinin shanun Turai kuwa, irin wanda aka barbara da Bunaji a Shika ta Zariya, sai da wadataccen abinci da inuwa da magani. In ba ka da su, bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: bijimin da ya fi auki shi ke fara cika ido, shi dillali ke fara tayawa idan Sallah ta gabato, sai a bar maciyin yana barbarar garke. Kada ka sayar da shi, kada ka dandaƙe shi. Ka ajiye shi ya haifa maka irinsa, ka riƙe karsanun da ya bari, amma kada ka bari ya hau 'ya'yansa. Ku yi musanya da maƙwabcinka. Maciyin shi ne na kasuwa.