Cutar Crohn a Bakin Bahaushe: Matsalar Suna da Hanyoyin Kula da Majinyaci

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan raɗa wa cuta suna ne daga alamarta. Zawo mai jini da majina shi ne atini, matsalar dubura kuwa basir, zafin ciki kuma gyambon ciki. Wannan maƙala ta dubi cutar Crohn, wadda ba ta da sunan kanta a Hausa, don haka take fakewa cikin waɗannan sunaye. Manufar ita ce nuna cewa tantance cutar da sunanta shi ne matakin farko na kula da mai ita.

2.0 Asali da Yanayin Cutar

An samo sunan daga likita Burrill Crohn, wanda shi da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer suka bayyana cutar a 1932 a asibitin Mount Sinai da ke New York, Amurka. Kumburi ne mai daɗewa da garkuwar jiki ke haddasawa a hanyar abinci, tun daga baki har dubura, amma ya fi kama ƙarshen ƙaramin hanji. Alamominta sun haɗa da murɗar ciki da zawo da rama da ƙarancin jini da ƙurji mai yoyo a gefen dubura. Takan lafa, sannan ta taso. Ba ta yaɗuwa tsakanin mutane.

3.0 Matsalar Suna

Majinyacin da ya isa Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa GRA, wanda Kanawa suka fi sani da Asibitin Nasarawa, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da kalmomin gida yake bayyana ciwonsa. Idan ya riga ya yanke wa kansa hukuncin basir ne, yana iya shafe watanni yana shan jiƙo da sassaƙe, hanji kuwa yana ƙara ƙuntata.

Likita ma yana da nasa ruɗanin, domin tarin fuka na hanji yana kama da cutar Crohn matuƙa, kuma tarin fuka ya yawaita a Nijeriya. Sai dai kama da wane ba ta wane ba ce. Maganin da ke danne garkuwar jiki, wanda ke taimakon mai Crohn, yana iya ta'azzara tarin fuka. Shi ya sa ake buƙatar gwajin jini da na bahaya, da leƙa hanji da na'ura, da auna tsokar da aka gutsuro, kafin a yanke hukunci.

4.0 Kulawar Asibiti

Cutar ba ta da maganin warkewa ɗungurungum. Ana dai shawo kanta. Idan ta taso, akan ba da prednisolone na ɗan lokaci, domin daɗewa a kansa yana raunana ƙashi, yana kuma hawar da sukari. Don hana ta dawowa akan yi amfani da azathioprine ko methotrexate, ko infliximab wanda Amurka ta amince da shi a 1998. Tiyata takan zama dole idan hanji ya toshe, amma cutar tana iya sake ɓullowa bayanta.

5.0 Tsarin Rayuwa

Barin taba sigari yana kan gaba, domin tana yawaita tasowar cutar. Haka kuma ibuprofen da diclofenac, da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna iya tayar da ita. Abinci ba shi ke jawo cutar ba, amma yakan tsananta alamomi. Lokacin da ta taso, kunu da tuwon shinkafa mai laushi sun fi kwaɗon zogale ko rama ko yaji sauƙi ga hanji, musamman wanda ya ƙuntata. Fura da nono kuwa wani takan karɓe shi, wani a'a, don haka rubuta abin da aka ci kullum yana da amfani. Mai zawo yana buƙatar ruwan gishiri da sukari, musamman da bazara. Game da azumin Ramadan, ya dace majinyaci ya tuntuɓi likitansa tun kafin watan ya kama.

6.0 Kammalawa

A nan manazarta Hausa suna da aiki: samar da kalmomin da za su bambance kumburin hanji mai daɗewa da atini da basir, cikin lafazin da likita da majinyaci za su fahimci juna. Muddin ana kiran cutar da sunan wata, da maganin wata za a ci gaba da yi mata.