Kakar da Muka Ɗauko Sojan Haya

'Ya'yana masu buga wa makarantunku ƙwallo a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, ku matso in ba ku labarin wata kakar wasa da aka yi tun iyayenku suna yara. Na daɗe ina riƙe da shi a ciki, domin laifin da ke cikinsa nawa ne.

A watan Agustan 1985 yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema a ƙasar Sin, suka ɗauko kofin duniya. A rediyo muka ji. Da aka dawo hutu, kowane yaro a makarantar kwanan da nake koyarwa so yake a ba shi jesi. Lokacin ba a ma kafa Kano Pillars ba, sai a 1990, sunan Raccah Rovers da ta ci gasar ƙasa a 1978 shi ne a bakin mutane. Ni kuwa ƙaramin malami ne, aka ɗora mini wasanni saboda ina da sauran ƙarfin gudu.

Ba mu da komai. Filin fako ne, da toka muke zana layi, ƙwallo ɗaya ce tal, idan ta fashe sai a kai wa baduku ya ɗinke. Rabin yaran ba takalmi suke wasa. Amma Allah ya haɗa mini 'ya'yan mutane masu zuciya. Masu tsaron baya 'yan Kofa ne da Yako, sun saba da fartanya, ba a ture su. Kaftin ɗan masunta ne daga Tiga. Gola kuma wani siririn yaro ne daga Riruwai, garin duwatsu da kuza, wanda in zai je gida hutu sai ya ratsa dajin Falgore a bayan motar masara. Ba ya magana da yawa. Shi ne yake fara zuwa fili bayan sallar la'asar, ya tsince ƙaya da tsakuwa a bakin raga, kuma shi ne na ƙarshen tafiya. Ko ranar da hunturu ya fasa masa yatsu har suna jini, bai fasa atisaye ba.

Muka yi ta buga wasannin shiyya da makarantun maƙwabta, muna tafiya a akori-kura, ƙura ta yi mana buɗu-buɗu. Wani mu ci, wani a yi kunnen doki. A hutun rabin lokaci rake da lemon zaƙi ake rabawa. Sannu a hankali har muka kai wasan da in muka ci shi za mu tafi birni.

Ana saura kwana uku wasu manyan gari masu son makarantar suka same ni da daddare. Suka ce, “Malam, golanka yaro ne, ba zai iya da 'yan gaban waɗancan ba. Akwai wani a cikin gari, a ba shi jesi, a rubuta shi ɗan aji huɗu. Kowa haka yake yi.” Wanda suke nufi ya yi aure, har da ɗa. Na san ha'inci ne, na san addininmu ya hana algus ko a mudun hatsi, balle a kan amanar yara. Amma son zuwa birni ya rufe mini ido, na amsa.

Ranar wasa na kira yaron Riruwai gefe, na ce ya cire rigar. Ya dube ni sau ɗaya, ya ce, “To, Malam.” Ya ninke ta da kyau, ya miƙa wa baƙon da hannu biyu, ya je ya zauna a benci. Muka ci wasan. Babu wanda ya kai ƙara, babu wanda ya kama mu. Amma a hanyar dawowa motar shiru, yaran da suka saba waƙa tun daga fili har ƙofar makaranta ko tari babu mai yi.

Daga nan ƙungiyar ta fara zubewa. Gola ya daina zuwa fili. Sauran suka fahimci cewa gumin wata uku bai kai darajar maganar dare ɗaya ba, sai zuwa atisaye ya zama ganin dama. Kaftin ya same ni a ɗakin malamai, cikin ladabi ya tambaye ni ko shi ma akwai wanda aka tanadar masa. Ban sami amsa ba. Da muka je birni, a wasan farko aka yi waje da mu, kuma ba ƙwarewa aka fi mu ba, zuciya ce babu.

Irin abin da na yi a ƙauye, shi ne ya jawo wa ƙasa kunya a idon duniya. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na shekara biyu saboda saɓani a shekarun haihuwar wasu 'yan wasa, aka kuma karɓe gasar matasa ta duniya ta 1991 da aka ba mu mu shirya. A 2009, shekarar da Kano ta karɓi baƙuncin wasu wasannin kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, sai da aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun yara da na'ura don a gane shekarunsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma duk inda aka rage wa wani ƙato shekaru, akwai wani yaro na gaskiya da aka zaunar a benci, wanda ba za a ƙara jin sunansa ba.

Ba ina hana ku son nasara ba ne. Ku so ta, ku neme ta. Ahmed Musa yana ɗan shekara 17 ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, daga baya ya zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014. Da yaro ake yin abin mamaki idan an ba shi fili. To idan kullum baƙo ne zai tsaya a raga ranar babban wasa, yaushe naku zai koyi tsayawa?

Bayan shekaru masu yawa na haɗu da golan nan a kasuwar Tudun Wada, ya zama malamin asibiti, furfura ta fara fito masa. Na riƙe hannunsa na nemi gafara. Ya ce ya yafe tun tuni, har ya saya mini buhun masara ya sa a mota. Sai dai ya faɗa mini cewa tun daga ranar bai sake taɓa ƙwallo ba.

Saboda haka, 'ya'yana, idan wani ya zo muku da sojan haya, ko malaminku ne, ko mai ɗaukar nauyinku ne, ku ce a'a cikin ladabi, ku ce da naku za ku shiga. Idan aka ce ku rage shekaru a takarda, ku tafi da ainihin ranar haihuwarku. Kai kuma kaftin, ka duba wanda yake riga kowa zuwa fili yana tsintar ƙaya a bakin raga, ka tabbata ranar babban wasa shi ne sanye da rigar.