Darasi: Lafiyar Doki da Jaki Daga Baki Take Farawa

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa kallon dawakin Hawan Nassarawa suna ratsa Sabon Gari da Fagge a Kano ya ga dabbobi masu ƙiba da sheƙi. Abinci mai kyau ne, amma sai da haƙoran tauna shi. Haka jakinmu na ƙauye.

Haƙoran doki da na jaki suna ci gaba da fitowa, kamar milimita 2 zuwa 3 kowace shekara, tauna kuma tana cinye su. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, don haka gefen turame yakan yi kaifi, ya yanki kunci ko harshe.

Alamun da za mu lura da su:
1. Harawa tana faɗowa daga baki a dunƙule.
2. Ƙwayar dawa tana fita a kashi ba a tauna ba.
3. Dabba tana ramewa ko da tana ci.
4. Tana ƙin linzami.

Kada mu ƙona dasashi da ƙarfe mai zafi. Mu kira likitan dabbobi ya duba bakin sau ɗaya a shekara, ya goge kaifin da magagari. Mu bar dabba ta yi kiwo sosai, kada dusa kaɗai ta zama abincinta.

Tambaya don tattaunawa: Yaushe aka duba bakin jakinka?