Borrego Springs: Garin Dattawa a Hamadar Kalifoniya

Borrego Springs ƙaramin gari ne a gundumar San Diego, kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka. Mazaunansa na dindindin dubu uku ne da ɗoriya, da yawansu dattawa da suka yi ritaya. Da hunturu wasu tsofaffin kan zo daga jihohin arewa da Kanada su yi watanni suna gudun sanyi. Gandun Anza-Borrego, wanda ya fi kowane gandun gwamnatin jihar girma, ya kewaye garin ta ko'ina.

Ƙabilun Kumeyaay da Cahuilla ne mazauna yankin na asali. A 1774 ayarin Juan Bautista de Anza, hafsan sojan Sifen, ya ratsa kwarin da garin yake a yanzu, amma garin bai kafu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka buɗe gonaki aka yanka filayen gidaje.

Lokacin ziyara daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba zafi kan haura digiri 40, wasu wuraren cin abinci ma kan rufe. In an samu ruwan sama mai kyau da hunturu, furannin daji kan lulluɓe hamadar a Fabrairu da Maris. A 2017 sun yi yawan da cunkoson motoci ya toshe hanyoyin garin, don haka a kama masauki tun da wuri.

Daga San Diego tafiyar kimanin awa biyu ce a mota. Gangaren Montezuma da ke kan hanya mai lamba S22 yana da kwane-kwane masu yawa, gara a sauke shi da rana. A cika tanki, a ɗauki ruwan sha fiye da yadda ake zaton za a buƙata. Babu babban asibiti a garin, mai shan magani kullum ya zo da isasshe.

Da sassafe ake shiga kwazazzabon Borrego Palm Canyon, tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 5 zuwa da dawowa, inda ake tarar da kurmin itatuwa dangin giginya, wani lokaci har da tumakin dutse. Wurin hangen nesa na Font's Point kuwa ba a isa gare shi sai da mota mai iya ratsa yashi. A filin Galleta Meadows akwai mutum-mutumin ƙarfe sama da 100 da mai fasaha Ricardo Breceda ya ƙera, ciki har da macijin da ya haura mita 100, wanda ya nutse ƙarƙashin titi ya ɓullo ɗaya gefen.

Abin da ya fi cancantar a kwana dominsa shi ne sararin sama. A 2009 garin ya zama na farko a Kalifoniya da ya samu shaidar duniya ta kare duhun dare, kuma mazauna na rage fitilun waje domin taurari su fito. A daidaita zuwan da daren da babu farin wata.

Ruwan garin daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, kuma an daɗe ana ɗibarsa fiye da yadda yake komawa, shi ya sa doka ta tilasta a rage ɗibar sosai kafin 2040. Baƙo ma ya kamata ya yi tattalinsa a masauki.