Annobar Ɓera Mai Kama Huhu: Jan Kunne Ga Mutanen Damari

Jama'a, a sani cewa cutar nan ba baƙuwa ba ce a Nijeriya. Ta shiga Legas a 1924, ta yi shekaru tana kisa. Ƙwayarta a jikin ɓera take, ƙuma ce ke ɗauko ta ta sa wa mutum, sai kaluluwa ta fito masa a matsematsi ko a hammata. In ƙwayar ta kai huhu, to ba ta sauran bukatar ɓera. Majiyyaci ya yi tari, wanda ke kusa da shi, kamar taku biyu ko uku, ya shaƙa, shi ke nan ya ɗauka.

Abin da ya sa muke jan kunnen mutanen Damari shi ne haƙar zinariya a dajin Birnin Gwari, domin an taɓa ganin ɓarnar cutar a mahaƙa. A 2005 cutar ta ɓarke a wata mahaƙar lu'ulu'u da ke Zobia, ƙasar Kwango, inda leburori ke kwana a cunkushe. Fiye da mutum 50 suka rasu, saura suka watse cikin daji, har da masu ɗauke da ita. A Madagaska kuwa, a 2017, wani fasinja ne ya shiga motar haya da ita. Kafin a shawo kanta ta ci rai fiye da 200.

Yaya ake gane ta? Ta bambanta da tarin fuka, wanda makonni yake yi yana cin mutum a hankali. Wannan kuwa gaggawa gare ta: kwana ɗaya zuwa uku bayan an shaƙa, sai zazzaɓi mai zafi, ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, da kaki mai jini. Ido kaɗai ba ya tabbatarwa. Ma'aikatan lafiya kan ɗebi kaki ko jini su gwada da wani ɗan tsinke, cikin minti 15 ya nuna, sannan a aika ɗakin gwaji don tabbaci. Ba a jiran sakamako kafin a fara magani, domin wanda ya wuce awa 24 bai samu ba, da wuya ya tashi.

Saboda haka in mutum biyu ko uku a bukka ɗaya suka kwanta da irin wannan tari, kada a tsaya sayen ƙwaya a kemis. A sanar da asibiti mafi kusa, su kai rahoto ƙaramar hukuma. Mai jinya ya rufe hanci da baki. Duk wanda ya zauna da majiyyacin, ko ya yi wa gawarsa wanka, za a ba shi maganin kwana 7.